Igiyar Rijiyar Kawu

Daga Allah muka fito, gare shi za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar kawu ta zo a tsakiyar bazara, wata Talata da hantsi, yana kishingiɗe a rumfar kaba ta ƙofar ɗakinsa. Ni ina Gaya lokacin, a rumfata ta facin taya da ke bakin hanyar gada, inda manyan motoci ke jeruwa kafin su tsallaka Benin. Aka kira ni a salula aka faɗa mini. Na ce to. Na mayar da ita aljihu, na ƙarasa ɗaure tayar da ke gabana, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Ƙauyenmu yana cikin kwarin Foga, tsakanin Bengu da Bana. Kafin kabu-kabu ya sauke ni an riga an kai shi makwancinsa. Na tarar da tabarmi tun daga ƙofar gida har gindin giginyoyi, mutane zaune cikin zafin da ke sa nesa ta riƙa rawa kamar ruwa. Mata masu dafa gishiri sun baro tukwanensu sun zo, ƙafafunsu fari fat da ƙasar kwari. Fulanin da ke shayar da shanu a gefenmu sun zo. Har Dendawa daga tsallaken kogi sun zo, suna durƙusawa suna ta gaisuwarsu ta fofo, fofo. Abin da na lura da shi, kusan kowa da gora ko bidon roba na ɗiban ruwa a hannu. In mutum ya yi gaisuwa ya shafa fatiha, ba ya kama hanyar gida, sai ya bi ta bayan gari wajen rijiya.

Wani tsoho da ban sani ba ya riƙe hannuna ya ce yau an rufe waliyyi. Wata mata ta ce ruwan rijiyar nan ne ya buɗe bakin jikanta da ya shekara huɗu bai yi magana ba. Wani direba ya ce tun da ya fara yayyafa shi a tayoyinsa ba su taɓa ba shi kunya a hanya ba. Na dube shi na gane shi, ni ke yi masa facin tayoyin nan. Kowa ya faɗi tasa sai ya juyo gare ni, don an san ni ne ɗan ƙanwarsa da ya yi aikin rijiyar tare da shi, kuma daga bakina labarin ya fara fita. Ni kuwa ina sunkuye ina cewa Allah ya ji ƙansa.

Karatuna bai yi nisa ba, a aji huɗu na bar lakwal. Amma na sayi kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, na zauna in rubuta kawu yadda yake, don kar a manta da shi, kuma don kar a ci gaba da tuna wani mutum dabam da sunansa. Wancan mutumin ni na ƙera shi.

Kawu gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya tafiya sai kansa a ƙasa. Baƙo zai ɗauka kunya ce. Ƙasa yake karantawa. Yana cikin hira sai ka ga ya duƙa ya ɗebi ƴar kaɗan da yatsu biyu, ya murza, ya sa a harshe, ya yi shiru kamar mai sauraron kira daga nesa. Jikokinsa suna yi masa waƙar Ci-ƙasa, yana bin su da sanda yana dariya. Yakan ce ƙasa ba ta ƙarya, sai dai ba ta ɗaga murya. In aka ba shi ruwa a gidan suna ko biki, sai ya riƙe kurɓin farko a baki, sannan ya faɗi garin da aka ɗebo shi, kuma ban taɓa jin ya kuskure ba. Ran da na ba shi ruwan leda a Gaya ya daɗe yana juya shi a baki, sannan ya ce wannan maraya ne, bai san garinsu ba.

Wanda bai zauna Foga ba ba zai gane abin da ya dame shi da ruwa haka ba. Ƙasarmu gishiri take haifa. Da rani in ka fito da safe za ka ga kwari ya yi fari kamar an barbaɗa gari, hayaƙin tukwane yana tashi siriri daga kowace tunga, ya tsaya a sama kamar ya manta inda za shi. Gishirin nan shi ke ciyar da mu, shi ne kuma ke bin mu har cikin randa. Duk rijiyar da aka haƙa zartsi ce. Sabulu ba ya kumfa, wake ba ya nuna, shayi kuwa sai ka runtse ido. Ruwan daɗi sai mata sun yi tafiyar da in sun fita da sassafe ba su dawowa sai rana ta take tsaka. Mahaifiyata takan ce gashin tsakiyar kanta a hanyar nan ya ƙare.

Kawu ya ce akwai ruwan daɗi kusa. Rani uku yana nema. Rami biyar ya haƙa, kowanne ya kai ruwa, ya ɗanɗana, ya tofar, ya mayar da ƙasar ya binne don kar dabba ta faɗa. A na farko rabin gari ne ya taya shi. A na uku sai dangi. A na biyar an fara yi masa kallon wanda rana ta taɓa wa kai. Na shida ya fara shi a kan wani tudu bayan gari, gindin kanya, inda ya ga gara tana fito da ɗanyar ƙasa a tsakiyar rani, ya lasa bai ji gishiri ba. A wannan babu kowa sai ni. Ina da shekara ashirin da ƴan kai, ƙato da ni, mahaifiyata ce ta ce in je in riƙe wa yayanta igiya.

Shi yana ƙasa da dagi yana cika kwando, ni ina sama ina ja bisa gungumen giginya da muka gicciya a bakin ramin. Kullum kafin ya sauka sai mu ɗaura reshe mai ganye mu yi ta zura shi muna jawowa, don iskar ƙasa ta sake. Yakan ce na cikin rami ba shi da kowa sai Allah sai mai igiya.

Mun kai gaba takwas. Wata rana kafin azahar na ji wani sauti kamar an zazzage buhun gero, ƙura ta taso daga ramin. Na leƙa ban ga komai ba. Na kira sau ɗaya ban ji amsa ba, ko kuwa ban tsaya na ji ba. Shekara talatin ina juya wannan a raina ban rarrabe ba. Na saki igiya na gudu. Ban nufi gari neman taimako ba, nan ne ba ni da ta cewa. Titi na nufa, na tari motar gishiri, sai ga ni a Gaya zaune bakin kogi ina kallon jiragen masunta suna shawagi, ina gaya wa kaina ya riga ya mutu kuma za a ce ni na kashe shi.

Abin da ya faru a bayana sai daga baya na ji. Gefe ɗaya na ramin ne ya zubo ya binne shi har ƙirji. Matarsa, wadda dukanmu muke ce wa Inna, ta kawo fura da azahar. Ta ga babu ni, ta ga bakin igiya ya maƙale a gungume. Ta leƙa, ya ce da ita ta zuro kwando, a hankali kamar mai neman a miƙo masa buta. Da hannu ya riƙa yaye ƙasar daga jikinsa yana zubawa, tana ja, har la'asar sakaliya ya fito. Washegari ya tokare wurin da itace ya koma. Ya ce kar ta faɗa wa kowa, don in aka ji za a hana shi ci gaba, kuma ƙanwarsa ba za ta iya ɗaga kai a gari ba. Kwana goma sha ɗaya Inna tana fita kamar mai zuwa itace, tana jan ƙasa. Rana ta sha biyu ruwa ya ɓullo. Kawu ya ɗanɗana, bai tofar ba.

Labari ya iske ni a tasha, na dawo na tarar ana guɗa. Da yamma a fada, inda samari ke dafa shayi, karo na farko da ruwan daɗi, aka tambaye ni ina na shiga kwana biyu. Da na yi shiru da ya fi mini. Na ce kawu ne ya sallame ni. Na ce an nuna masa a mafarki cewa sauran aikin ba na idon ɗan Adam ba ne, duk wanda ya leƙa zai makance. Wani ya ce to wa ya ja masa ƙasa? Na ce kwando da kansa yake hawowa. Aka miƙo mini kofin farko. Ban taɓa jin daɗin shayi kamar na ran nan ba. Ina faɗi ne don Allah ya riga ya sani.

Labarin ya bi motocin gishiri ya shiga kasuwanni, kowa yana ƙara nasa. Kawu kuwa duk wanda ya zo masa da zancen mu'ujiza sai ya zaunar da shi. Karatunsa bai wuce izu biyar ba, amma wannan ya riƙe shi da kyau. Yakan ce mu'ujiza ta Annabawa ce, Allah ke ba su don a gaskata su, kuma an rufe wannan ƙofa. Karama ta waliyyai ce, su ma ba su kai ta kasuwa. Shi kuwa mahaƙin rijiya ne. Da dagi da kwando aka yi, da hannu aka ja. Sai su tafi suna cewa ka ji ko, haka bayin Allah suke, ɓoye kansu suke yi. Bai taɓa faɗin hannun wa ba, don in ya faɗa ni zai tona.

Bayan wasu shekaru masu foraj suka zo da babbar mota da injin huda ƙasa. Suka huda nesa kaɗan da tudun, suka sami zartsi. Suka gusa suka sake, zartsi. Babbansu ya sa aka jawo masa guga ɗaya daga rijiyar kawu, ya sha, ya dubi takardunsa, ya ce mirakil. Kawu ya tambayi tafinta me ya ce. Tafinta ya ce kalma ce da masu Faransanci da masu Turancin Najeriya duk suke faɗi, har a bayan motocin da ke fitowa daga Kamba ana rubuta ta. Ana faɗinta ne ga abin da ya faru ba ta hanyar da hankali zai iya bi ba. Kawu ya ce to a gaya masa wannan akwai hanya, rami biyar ya binne kafin ita, in yana so ya tashi a nuna masa. Ya ce in kuwa abin da ya fi ƙarfin hankali yake nema, ya tambayi wanda ya ajiye ruwan daɗi a tsakiyar gishiri. Shi samu ya yi, ba shi ya ajiye ba. Tafinta ya yi dariya bai fassara ba. Abin da ya zauna a kunnen gari shi ne har masu inji sun sallama.

Rijiya kuwa kamar ɗaki ce, sai da shara. Kowace bazara sai an sauka an yashe laka da rairayin da suka taru, in ba haka ba idon ruwa ya toshe. Ranar da kawu zai sauka tudun kan watse, iyaye suna jan ƴaƴansu gida don kar su makance. Sai Inna ta fito da igiya a kafaɗa. Aka ce ita an yi mata izini.

A kan wannan muka ɓata. Wata rana ya zo Gaya a kan kekensa, ya zauna bisa wata tsohuwar taya a rumfata, na kawo shayi ya ƙi. Nan ya ba ni labarin abin da ya faru bayan na gudu, bai ɗaga murya ba. Sannan ya ce:

“Gudun da ka yi ban riƙe ka da shi ba, ɗan nan. Ƙasa in ta yi gurnani ƙafa ba ta shawara da kai. Amma ka ɗauki gumin matata ka ba aljannu.”

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na ce ai daraja na ƙara masa. Da can mahaukaci ake ce masa, yanzu har daga Dosso ana zuwa gaishe shi.

“Darajar da ta hana mutane koyon yasar rijiya?” in ji shi. “Ni ba zan tona ka ba. Kai ka ƙulla, kai za ka kwance. Amma ka sani rijiya ba ta jiran kunyar mutum.”

Ya hau kekensa ya tafi. Shekara biyu ban taka ƙauye ba.

Shi ya fara zuwa. Ranar sunan ƴata ta fari sai ga shi da bidon ruwan rijiyar ɗaure a bayan keke, ya jiƙe sharkaf da zufa, tun daga Foga. Mata suka taso da kofuna neman tabarruki. Ya ce ba magani ba ne, a bar wa mai jego ta sha, yarinya ta san ɗanɗanon garinsu ta nono. Ya karɓi jaririyar ya dube ta, ya ce da ƙanwarsa ta yi kama. Maganar da ke tsakaninmu bai sake tayar da ita ba har ya bar duniya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

A ƙarshe gwiwoyinsa suka ƙi. Bazara uku bai sauka ba. Ruwa ya fara ja da baya, guga tana fitowa da laka. Ya roƙi samarin gari, suka ce ba su shirya makanta ba. Ya aika a kira wani mahaƙi daga Bana, mutumin ya ji labari a hanya ya juya. Sau biyu ya aiko mini, saƙon gajere ne: igiya tana nan. Na farko na ce aiki ya yi mini yawa. Na biyu na ce bayan salla. Salla ta zo ta wuce, shi ma ya wuce.

Babban ɗansa, taubashina, ɗan kasuwa ne a Yamai. Lokacin da aka haƙa rijiyar yana ƙarami a hannun kakanninsa na wajen uwa, don haka labarina kaɗai ya sani. Ranar sadakar uku ya ja ni gefe ya nuna mini wani zane a salula. Zai kewaye rijiyar da katanga, ya rufe bakinta da siminti, a bar ƴar kafa ta guga, yadda babu mahaluƙin da zai sake shiga ya ɓata wurin. Ya ce ja da bayan da ruwa ya yi alhini ne, rijiya ke makokin maigidanta. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Kai ka fi kowa kusa da abin, bawana. Ranar bakwai kai za ka ba jama'a labarin, in naɗa, jikoki su gada.” Na san in aka zuba simintin nan, kafin bazara biyu matanmu za su koma tsohuwar hanyar da ta cinye gashin mahaifiyata.

Ana gobe bakwai da hantsi na shiga wajen Inna. Tana takaba, zaune a tabarma da carbi. Na dubi tafin hannunta, abin da na shekara talatin ina kauce wa kallo. Tafin ya yi kanta, layi a gicciye, daidai inda igiya ke bi. Na durƙusa gabanta.

“Gaisuwa ka zo,” in ji ta, “ko igiyar?”

Ta nuna ƙarƙashin gado da haɓa. Na ce Inna ki yafe mini. Ta ce gudun ta daɗe da yafewa, sauran kuwa ba ita kaɗai na ci wa ba, in je in nemi gari. Sannan ta fara gaya mini rijiyar kamar mai kwatanta gidan dangi. A gaba na takwas, gefen gabas, kar in ɗora ƙafa bisa itacen da aka tokare. Idon ruwa yana arewa, ƙarƙashin wani farin dutse, da hannu ake buɗe shi ba da dagi ba. Na ce ashe ta taɓa sauka. Ta ce a'a, shi ya faɗa mata. “Ni nauyi kawai na sani.”

Ranar bakwai aka yi addu'a aka raba gumba. Taubashina ya ɗaga salula ya yi mini alama. Na miƙe na faɗi duk abin da na rubuta a nan, da ƙura, da titi, da motar gishiri, da kofin shayi. Na faɗi wadda ta ja ƙasar. Tsohon da ya ce an rufe waliyyi ya ɗauki takalmansa ya tafi bai yi sallama ba. Matar nan ta tambaya daga bayan zana, to wa ya buɗe bakin jikanta? Liman ya ce wanda ya halicci bakin, kuma ba ya buƙatar guga. Ya ce marigayi ya shekara talatin yana gaya mana gaskiya, mu ne muka fi son ɗaya labarin, don shi ba ya sa mutum sauka rami.

Taubashina ya daɗe da sauke salula yana kallon ƙofar ɗakin mahaifiyarsa. Ya share fuska da hannun riga.

“Ashe uwata ce aljanar,” ya ce.

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Na ce gobe zan sauka in yashe ta, in akwai wanda zai yarda ya riƙe wa irina igiya. Babu wanda ya motsa. Sai taubashina ya ce shi zai riƙe.

“Ka sauka, matsoraci. Wannan karon in tsoro ya kama ka, babu titi a can ƙasa.”

Washegari da hantsi muka zura reshe mai ganye muka yi ta jawowa, yadda kawu yake yi. Mutane sun taru amma daga nesa, wasu mata sun ja mayafi sun rufe ido. Na ɗaura igiya a ƙugu na yi bismilla.

Zafin bazara ya tsaya a sama, kamar riga da na tuɓe. Ramukan sa ƙafa da kawu ya sassaƙa a bango na gajeren mutum ne, kusa da juna, sai na riƙa sauka da irin takunsa. Muryoyi suka yi nisa, suka koma kamar hirar da mutum ke ji yana gyangyaɗin rana. A gaba na takwas na ga itacen, ya yi baƙi ƙirin. Nan na manne da bango, na ji igiya ta ɗaure tam a ƙuguna. Mai igiya bai saki ba. Na tsallake itacen ban taka shi ba. A ƙasa laka ta kama ni har cinya, sanyinta ya hau mini har wuya.

Na ɗaga kai. Sama ta koma kamar faifai, shuɗi, da kan taubashina a gefe. Na cika kwando na girgiza igiya, ya hau yana juyawa yana ɗiga, a hankali, da nishin mutum a bayansa. Da na sake ɗaga kai sai na ga kai biyu. Can kuma huɗu, har da ɗankwali. Wani ya ce ga shi can, ina ganinsa, kuma idona lafiya lau. Daga baya na ji tafin ɗan kasuwar Yamai ya saluɓe tun a kwando na goma, samari suka karɓa suna yi masa tsiya.

Wajen azahar hannuna ya taɓa farin dutsen. Na ajiye dagi na tura yatsu ƙarƙashinsa ina yaye rairayi. Sai na ji wani abu yana tura tafina, kaɗan kaɗan, kamar bugun zuciyar ɗan tsako in ka riƙe shi. Na tsaya haka ban san iya lokacin ba. Gishiri ta gabas, gishiri ta yamma, ga wannan a tsakiya yana fitowa daga inda ban sani ba. Na sa a harshe. Na tuna amsar da tafinta ya ƙi fassarawa.

Simintin taubashina an yi daɓen bakin rijiya da shi, an bar ta a buɗe. Samari uku sun ce baɗi su za su sauka, in dai zan nuna musu itacen gaba na takwas. Akwai waɗanda har yau ba su amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinsu ba.

Da ruwan ya kwanta, na ɗebo a ƙwarya na kai wa Inna. Ta karɓa da hannu biyu ta kurɓa, ta riƙe shi a baki yadda yake yi, idonta a rumfar kaba inda ya saba kishingiɗa. Ta daɗe kafin ta haɗiye.

“Da saura,” in ji ta. “Shi ba ya barinta haka.”

Na ce gobe zan koma. Ta ce in tafi da igiyar, kar in mayar da ita ƙarƙashin gado.

Allah ya ji ƙan kawu, ya sanyaya makwancinsa kamar gindin rijiyarsa, ya shayar da shi daga tafkin da ba a haƙa da hannu ba. Wanda ya karanta wannan, in ya yi masa addu'a, ya sa da wadda ta ja ƙasar.